BITAMIN B12: MUHIMMANCINSA GA LAFIYAR MANOMI, IYALINSA DA DABBOBINSA

GABATARWA

Duk wanda ya zaga unguwar GRA ta garin Bauchi da sassafe zai ga cewa kiwo bai tsaya ga mutanen karkara kaɗai ba. A bayan gidaje da yawa akwai akurkin kaji, ko 'yan awaki, ko ragon da ake turkawa domin layya, kuma da dama daga cikin masu gidajen ma'aikata ne ko waɗanda suka yi ritaya, masu gonaki a wajen gari. A daidai wannan lokaci ne matan Fulani ke shigowa gari da ƙoren nono daga rugage, ƙwai da kaji kuma su taso daga ƙauyuka su nufi kasuwar Muda Lawal da ta Wunti. Wannan zirga-zirga ta nono da ƙwai da nama ita ce hanyar da wani muhimmin sinadari ke bi daga jikin dabba zuwa jikin mutum. Sunansa bitamin B12, masana kuma na kiransa kobalamin.

Ana iya rasa wannan sinadari a farkon hanyar, ana kuma iya rasa shi a ƙarshenta. Iyalin makiyayi ko manomin da ke sayar da duk nonon da ya tatsa da duk ƙwan da kajinsa suka yi na iya rasa shi domin ba su ci ba. Dattijon da ke zaune a GRA, wanda ba a rasa nama a miyarsa, na iya rasa shi domin cikinsa ya daina tsotse shi. Dabbar da ake dogara da ita ma na iya rasa shi idan ciyawar da take ci ba ta da wani ma'adini mai suna kobal. Wannan darasi zai bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, domin malamin gona ya san abin da zai faɗa wa manoma, manomi kuma ya san abin da zai gyara a gidansa da garkensa.

MENE NE BITAMIN B12?

B12 ɗaya ne daga cikin bitamin takwas na dangin B. Launinsa ja ne, kuma a tsakiyarsa akwai ƙwayar ma'adinin kobal, wanda daga gare shi ya samo sunan kobalamin. Babu tsiron da ke yin sa, babu kuma dabbar da ke yin sa da kanta. Ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, wato bakteriya da danginsu, su kaɗai ke iya ƙera shi.

A jikin dabbobi masu tuƙa, wato shanu da tumaki da awaki, waɗannan bakteriya na zaune a cikin tumbi. Suna ɗaukar kobal daga ciyawar da dabba ta ci su mayar da shi B12, sai ya gangara zuwa ƙaramin hanji jiki ya tsotse shi, ya taru a hanta, ya shiga nama da madara. Mutum ma yana da irin waɗannan bakteriya, amma a babban hanji suke, can bayan wurin da ake tsotsar bitamin ɗin, saboda haka abin da suka ƙera yakan fita tare da bayan gida. Dalilin da ya sa ke nan dole mutum ya samu nasa daga abincin da ya fito daga dabba.

Ayyukansa a jikin mutum guda uku ne manya:

1. Haɗa jini. Ɓargo ba zai iya yin jajayen ƙwayoyin jini masu kyau ba sai da shi. Idan ya yi ƙaranci, ƙwayoyin kan fito manya-manya, marasa yawa, masu saurin mutuwa.

2. Kare jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Kowace jijiya na da rigar da ta lulluɓe ta kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. B12 na cikin abubuwan da ke gyara wannan riga.

3. Girman jariri, tun yana ciki har bayan haihuwa, musamman ƙwaƙwalwa da laka.

YADDA AKA GANO SHI

A ƙarni na 19 likitocin Turai sun san wani irin ƙarancin jini da ba ya jin magani, wanda kusan duk wanda ya kamu da shi mutuwa yake yi. A shekarar 1926 wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, George Minot da William Murphy, suka nuna cewa idan aka riƙa ciyar da masu wannan cuta hanta mai yawa a kowace rana, jininsu kan dawo. A 1934 aka ba su lambar yabo ta Nobel tare da George Whipple, wanda ya fara gwajin hanta a kan karnuka. A 1929 William Castle ya gano cewa cikin mutum na fitar da wani abu da ke taimakawa wajen tsotsar sinadarin da ke cikin hantar, kuma masu cutar sun rasa wannan abu. Sai a 1948 aka ware sinadarin kansa a Amurka da Ingila, aka sa masa suna B12, aka kuma ga cewa yana ɗauke da kobal. Dorothy Hodgkin ta Jami'ar Oxford ce ta bayyana cikakkiyar siffarsa a tsakiyar shekarun 1950, ita ma ta samu lambar Nobel a 1964.

ADADIN DA JIKI KE BUƘATA

Ana auna B12 da maikirogiram, wato giram ɗaya a kasa shi gida miliyan a ɗauki ɗaya. Abin da masana suka tsayar a kowace rana shi ne:

Yaro mai shekara 1 zuwa 3: maikirogiram 0.9
Yaro mai shekara 4 zuwa 8: maikirogiram 1.2
Yaro mai shekara 9 zuwa 13: maikirogiram 1.8
Baligi, namiji ko mace: maikirogiram 2.4
Mai juna biyu: maikirogiram 2.6
Mai shayarwa: maikirogiram 2.8

Ga kuma kimanin abin da ake samu a cikin abincin da muka saba da shi:

Hantar saniya ko ta tunkiya, giram 100: fiye da maikirogiram 50
Kifin sadin ko taitus, giram 100: maikirogiram 8 ko fiye
Naman shanu, giram 100: maikirogiram 2 zuwa 3
Madarar shanu, kofi ɗaya mai cin rubu'in lita: kimanin maikirogiram 1
Ƙwan kaza ɗaya: kimanin maikirogiram 0.5
Tsokar kaza, giram 100: ƙasa da maikirogiram 0.5

Daga wannan lissafi za a ga cewa kofin madara ɗaya ya ishi yaron da aka yaye na yini guda. Mai shayarwa kuwa, idan ta samu kofin nono, da ƙwai ɗaya, da ɗan yankin kifi ko nama, ta cika nata.

Gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, wake, gyaɗa, kuka, kuɓewa da zogale duk abinci ne masu amfani, amma babu B12 a cikinsu. A lura sosai da waken suya. An daɗe ana koya wa manoma cewa waken suya na maye gurbin nama, kuma gaskiya ne ta fuskar sinadarin gina jiki, amma awara da madarar waken suya ba su da wannan bitamin. Daddawa ma ba abin dogaro ba ce. Man shanu, duk da daga madara ya fito, kusan babu komai a cikinsa, domin bitamin ɗin yana bin ruwan nonon ne ya bar man.

YADDA JIKI KE TSOTSAR SA

Idan abinci ya isa ciki, ruwan ciki mai tsami ne ke fara raba B12 da naman da yake manne da shi. Bangon ciki kuma na fitar da wani sinadari da za mu kira ɗan rakiya, wanda shi ne abin da Castle ya gano. Ɗan rakiya kan riƙe bitamin ɗin ya kai shi ƙarshen ƙaramin hanji, inda a nan ne yake shiga jini. Idan ruwan ciki ya yi rauni, ko ɗan rakiya ya ɓace, ko ƙarshen hanjin ya samu matsala, to ko naman sa guda mutum ya ci ba zai amfana ba.

Akwai abubuwa biyu a nan da ya kamata malamin gona ya riƙe. Na farko, ɗan rakiya ba ya iya ɗaukar fiye da maikirogiram 1.5 zuwa 2 a zaman cin abinci ɗaya. Saboda haka cin nama mai yawa a kwanakin Babbar Sallah ba zai ɗauki nauyin shekara ba. Kaɗan-kaɗan a kai a kai shi ne abin da jiki ke so. Na biyu, jikin baligi mai lafiya na da ajiyar miligiram 2 zuwa 5, mafi yawa a hanta, kuma wannan ajiya kan kai shekara uku zuwa biyar kafin ta ƙare. Wannan ne ya sa cutar ke shigowa a ɓoye. Mutum zai daɗe yana cin rumbunsa bai sani ba, sai ranar da ya wayi gari ƙafa ta fara mutuwa.

SU WA KE CIKIN HAƊARI?

Rukuni na farko su ne waɗanda ba sa samun abincin dabba isasshe. A gidaje da yawa na karkara nono da ƙwai kayan kasuwa ne, ana sayar da su a sayo hatsi da gishiri da sabulu. Idan an sa nama a miya, sau da yawa kwanon maigida ne ke samun rabo mafi tsoka, mata da yara su samu romo. A wasu wuraren har yanzu ana hana yara ƙwai bisa camfin cewa zai koya musu sata. Waɗanda wannan hali ya fi cutarwa su ne masu ciki, masu shayarwa da jarirai, domin jariri ba shi da wata hanyar samun B12 sai abin da ya tara daga uwarsa yana ciki da abin da ke cikin nononta.

Binciken da aka yi a maƙwabtan Bauchi ya nuna cewa matsalar na nan. Masana daga Jami'ar New Mexico ta Amurka tare da takwarorinsu na Nijeriya sun auna jinin 'yan mata a Maiduguri, suka buga sakamakon a shekarar 2000, inda kusan ɗaya cikin goma ba ta da isasshen B12. A wani binciken da aka buga a 2011 a kan masu juna biyu a Jos, an samu ƙarancin a jikin kimanin ɗaya cikin uku.

Rukuni na biyu su ne waɗanda ke ci amma jiki ba ya tsotsa. A nan ne mai hali da maras hali suke zama ɗaya. Sun haɗa da:

1. Dattawa. Kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 50 ruwan cikinsu kan yi rauni har ya kasa raba bitamin ɗin da abinci.

2. Masu ciwon sukari da suka yi shekaru suna shan ƙwayar Metformin. Wannan magani na rage tsotsar B12, kuma haɗarin na ƙaruwa da yawan shekaru. Tun da ciwon sukari shi ma yana kashe ƙafa, sau da yawa akan ɗora masa laifin duka, a manta da bitamin.

3. Masu gyambon ciki ko ƙwannafi da suka daɗe suna shan magungunan rage tsamin ciki irin su Omeprazole, musamman masu saye a kemis ba tare da ganin likita ba.

4. Waɗanda garkuwar jikinsu ta lalata ɗan rakiya. Wannan ita ce cutar nan da Minot da Murphy suka yi wa magani da hanta.

5. Waɗanda aka yi wa aikin yanke wani sashe na ciki ko ƙarshen ƙaramin hanji, da masu zawo na dogon lokaci, da masu yawan shan barasa.

ALAMOMIN ƘARANCINSA

Ga manya: kasala da saurin gajiya a gona, haki bayan ɗan aiki kaɗan, bugun zuciya, jiri, da farin ido da tafin hannu. Harshe kan yi ja, ya yi sumul, yana zafi. Ga masu baƙar fata akan ga gaɓoɓin yatsu da tafin hannu da na ƙafa sun ƙara duhu. Idan abin ya taɓa jijiya, sai mutum ya riƙa jin tsira kamar ta allura ko tafiyar kiyashi a ƙafafu biyu, daga baya hannaye, sai ƙafa ta mutu, takalmi ya fita bai sani ba, tafiya ta zama ta tangaɗi, musamman cikin duhu. Wasu kan samu mantuwa, ruɗewa, saurin fushi ko baƙin ciki maras dalili, har iyali su ɗauka tsufa ne ko sammu.

Ga jarirai: alamomi kan bayyana tsakanin wata huɗu zuwa goma. Jariri ya yi laushi, ya cika barci, ya ƙi abinci, ya daina murmushi, ya kasa zama a lokacin da ya kamata, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Wasu kan yi karkarwa. Ƙarancin B12 ga uwa a farkon ciki na kuma ƙara haɗarin haihuwar jariri mai buɗaɗɗen gadon baya.

Jini kan dawo cikin makonni idan aka fara magani. Jijiya kuwa ba ta da wannan sauƙi. Idan aka bar ta ta lalace na tsawon watanni masu yawa, wani ɓangare na lahanin kan zauna har ƙarshen rayuwa, haka ma ƙwaƙwalwar jariri.

GWAJI DA MAGANI

Ba kowane ƙarancin jini ne na B12 ba. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49, da kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, suna da ƙarancin jini, kuma manyan dalilan su ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila. Gwajin jini ne kaɗai ke rarrabewa. Wanda ke da alamomin da aka lissafa ya je asibiti, idan ta kama a tura shi babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Ƙwayar folik asid, 'yar ƙaramar nan ruwan ɗorawa da ake ba masu ciki da masu sikila, tana iya gyara jinin mai ƙarancin B12 alhali jijiyarsa na ci gaba da lalacewa. Mutum zai ga ya samu ƙarfi ya ɗauka ya warke. Wannan ba dalilin daina shan folik asid ba ne, domin tana da nata amfanin mai girma, amma wanda ƙafarsa ke mutuwa ya gaya wa likita. Haka kuma da yawa daga cikin ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan haɗin bitamin B ba su da B12, ko kuma abin da ke ciki bai isa magani ba. A karanta jikin kwali.

Wanda matsalarsa ta rashin ci ce, gyaran abinci da ƙwayar B12 sun wadatar. Wanda jikinsa ba ya tsotsa, akan yi masa allurar miligiram ɗaya a jere a farko, daga baya duk wata biyu ko uku, ko a ba shi ƙwaya mai ƙarfi sosai. Wanda ya rasa ɗan rakiya zai ci gaba da karɓa muddin ransa. Mai shan Metformin kada ya daina maganinsa, sai dai ya nemi a riƙa auna masa B12 lokaci-lokaci.

Ga masu juna biyu, akwai ƙwaya mai haɗin sinadarai 15 da ake kira MMS, wadda ke ɗauke da maikirogiram 2.6 na B12 ban da ƙarfe da folik asid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin muhimman magunguna a 2021, kuma Bauchi na cikin jihohin da aka fara raba ta a wuraren awon ciki. A 2024 kuma Nijeriya ta fitar da ƙa'idar ƙara ƙarfe, zinki, folik asid da B12 a cikin dunƙulen ɗanɗano na miya ga kamfanonin da suka zaɓi yin haka. Wannan taimako ne, amma kada ya sa a ƙara yawan dunƙule a tukunya, domin gishirinsa na da yawa.

KOBAL DA LAFIYAR DABBOBI

Tun da daga tumbin dabba bitamin ɗin ke fitowa, dole a kula da tushen. A farkon ƙarni na 20 makiyayan wasu yankuna na Ostareliya da New Zealand da Sikotland, da na yankin Nakuru a Kenya, sun sha fama da wata cuta mai ban mamaki: tumaki da shanu na ramewa har su mutu alhali suna tsaye cikin ciyawa kore shar. A 1935 masana a Ostareliya, ciki har da Eric Underwood da Hedley Marston, suka gano cewa kobal ne babu a ƙasar. Da aka gano B12 a 1948 sai dalilin ya fito fili. Bakteriyar tumbi na narkar da ciyawa su fitar da wasu sinadarai masu tsami, hanta kuma ta juya ɗaya daga cikinsu ya zama sukarin jini. Wannan juyi ba ya yiwuwa sai da B12. Idan babu kobal babu B12, sai dabba ta daina marmarin abinci ta rame.

Alamomi a garke su ne ƙin cin abinci, rama, gashi ya yi cirko-cirko, hawaye na zuba, cikin fatar ido ya yi fari, nono ya ragu, 'ya'ya su fito raunana. Tumaki sun fi shanu saurin kamuwa, ƙanana masu tasowa kuma sun fi manya. Waɗannan alamomi sun yi kama da na tsutsar ciki, ciwon hanta da sammore, saboda haka kada a yanke hukunci da ido. A kira malamin dabbobi. Idan an ba da maganin tsutsa, abinci kuma na nan, amma dabba ba ta farfaɗo ba, akan gwada allurar B12. Idan kobal ne matsalar, cin abinci kan dawo cikin kwanaki kaɗan.

Ƙasar da ta fi yawan rashin kobal ita ce mai yashi wadda ruwa ya wanke, da wadda ta samo asali daga dutsen giranit, da mai farar ƙasa da yawa. Arewacin Jihar Bauchi, wajen Katagum da Gamawa da Zaki, jigawa ce mai rairayi, kewayen garin Bauchi kuma duwatsun giranit ne, don haka ya dace malaman gona su sa ido. Ciyawar da ta yi saurin tashi a tsakiyar damina ta fi ƙarancin kobal, kuma ganyen dangin wake ya fi ciyawa zalla yawansa. Wannan ƙarin dalili ne na adana harawar wake da ta gyaɗa. Su kansu bakteriyar da ke cikin ƙullutun saiwar wake da gyaɗa, masu ƙara wa ƙasa taki, suna buƙatar kobal.

Abin da dabba ke buƙata kaɗan ne ƙwarai: miligiram 0.1 zuwa 0.2 a kowane kilo na busasshen abinci, wato kimanin miligiram ɗaya a yini ga saniya. Amma dole ya bi ta baki, kuma a kai a kai, domin bakteriyar tumbi ake ciyarwa. Hanya mafi sauƙi ita ce dutsen lasa mai haɗin ma'adinai wanda aka rubuta kobal a jikinsa. Kanwa da gishiri zalla ba su maye gurbinsa. A rataye shi a inuwa inda ruwan sama ba zai narkar da shi ba. Mai turkar rago ko sa a bayan gida, wanda dabbarsa ba ta fita kiwo sai dusa da kara da ƙaiƙayi, shi ya fi kowa buƙatar wannan dutse.

Kaji ba su da tumbi, saboda haka B12 ɗin kansa suke buƙata. Kajin gida masu yawo na samun nasu daga ƙwari da tonon kashin shanu. Kajin da aka kulle a keji ana ba su masara da waken suya kuwa, dole a zuba musu garin firimis mai bitamin bisa ma'aunin da ke jikin buhu. Idan babu shi, 'yan tsaki ba sa girma, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa, kuma ƙwan da za a ci ma ya fito da ƙarancin bitamin ɗin.

SHAWARWARI GA MALAMAN GONA DA MANOMA

1. Kafin a kai nono kasuwa, a ware ludayin mai ciki, mai shayarwa da yaran da aka yaye. Rabon ɗan maraƙi ma kada a tauye shi, domin kafin tumbinsa ya fara aiki da nonon uwarsa ya dogara.

2. A tafasa madara kafin a sha ko a yi kindirmo, domin kauce wa tarin fuka da bakkale. Tafasa ɗaya ta isa, domin daɗewa a wuta na rage bitamin.

3. A ware ƙwai biyu ko uku a mako ga kowane ƙaramin yaro. Da damina, lokacin da ƙwan zabi ya yi araha, a ƙara. Daga wata shida ana iya murje dafaffen ƙwai a cikin abincin jariri tare da ci gaba da shayarwa.

4. A daka busasshen kifi a riƙa zubawa a miya da faten yara. Yana da araha kuma ba ya lalacewa da wuri.

5. Idan an yi yanka, a ba yara da masu jego ɗan yankin hanta. Mai ciki kuwa, musamman a watanni ukun farko, ta rage hanta saboda yawan bitamin A da ke cikinta, ta dogara ga ƙwai da kifi da madara da nama.

6. Maigida ya sa ido a kan yadda ake rabon nama a gidansa, ya kuma bar matarsa ta fara awon ciki da wuri.

7. Duk dattijon da ya fara kukan mutuwar ƙafa, tangaɗi ko mantuwa, a kai shi gwajin jini kafin a ce tsufa ne.

8. A sa dutsen lasa a kowane garke da turke, a adana harawa, a kuma riƙa ba da maganin tsutsa a kan kari.

9. Malamin gona ya haɗa kai da ma'aikatan lafiya na unguwa da malaman dabbobi. Aikinsa shi ne ganewa da turawa, ba rubuta magani ba. Malaman gona mata su isar da wannan darasi ga ƙungiyoyin mata, domin su ke rabon abinci.

KAMMALAWA

Abin da mutum ke buƙata na B12 a shekara guda bai kai miligiram ɗaya ba, amma rashinsa na iya raba manomi da fartanyarsa, ya kuma hana jariri kai wa ga basirar da Allah Ya ba shi. Hanyar samunsa tana farawa daga kobal a cikin ƙasa, ta bi ta ciyawa da tumbin dabba, ta ƙare a ƙwarya da kwanon iyali. Makiyayi ya kula da lasar dabbobinsa, manomi ya rage wa gida kaɗan daga abin da yake kai wa kasuwa, dattijo mai shan magani na dogon lokaci kuma ya nemi gwaji. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ofishin Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Bauchi, ko asibitin dabbobi mafi kusa.